Tarihin Tiyatar Kuɓucewar Fitsari ga Mata

Kuɓucewar fitsari yayin tari, atishawa, dariya ko ɗaga kaya mai nauyi matsala ce da ta fi samun mata, musamman bayan haihuwa ko idan shekaru sun ja. Tana faruwa ne sa'ad da tsokokin da ke riƙe da wuyan mafitsara da bututun fitsari suka saki. Ba ɗaya take da yoyon fitsari ba, inda kafa ce ke hudewa tsakanin mafitsara da farji.

A 1913 Howard Kelly na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana hanyar tattare naman wuyan mafitsara da ɗinki ta farji. Aikin ba shi da wuya, amma sau da yawa ɗigar kan dawo bayan 'yan shekaru. A 1942 Aldridge ya yanko tantanin da ke lulluɓe da tsokar ciki ya zarga shi ƙarƙashin bututun, ya tallafe shi kamar yadda majanyi ke tallafe goyo.

Daga nan hankali ya koma ga buɗe mara. A 1949 Marshall, Marchetti da Krantz suka ɗinke naman gefen bututun a jikin ƙashin mara, sai dai wasu matan sun yi fama da kumburin ƙashin. John Burch ya gyara wannan a 1961, inda ya maƙala ɗinkin a wata jijiya mai ƙarfi da ke gefen ƙashin. Hanyarsa ta zama abin auna sauran hanyoyi har shekaru da dama.

A 1996 Ulf Ulmsten na ƙasar Suwidin ya fito da siririyar ragar roba da ake shimfiɗawa ƙarƙashin tsakiyar bututun ba tare da ɗamewa ba. Yanka kaɗan ne, mace kan koma gida da wuri, saboda haka hanyar ta bazu duniya. Don a rage hatsarin huda mafitsara, Delorme na Faransa ya sauya wa ragar hanya a 2001, ta bi ta wajen matsematsi.

Kowace hanya tana da nata haɗari. Idan tallafin ya matse, fitsari kan ƙi fita har sai an sa robar fitar da fitsari. Idan ya yi sako-sako, ɗigar ta dawo. Ragar kuwa takan huda naman farji ta bayyana, ko ta haddasa ciwo mai naci, kuma cire ta gaba ɗaya aiki ne mai wahala. Koke-koken mata ne suka sa Ingila ta dakatar da amfani da ita a 2018. Wannan ya farfaɗo da hanyar Burch, da amfani da tantanin jikin mace, da allurar da ke ƙara wa bangon bututun kauri. A yau ana fara gwada motsa tsokokin ƙasan mara, wanda Arnold Kegel ya bayyana a 1948, kafin a kai ga tiyata.