Daga Ina Marubutan Tarihin Annabi Suka Samo Labarinsu?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu wata 'yar gardama ce da ta sarƙe a ɗakinmu na kwana cikin watan Maulidi. Tun muna makarantar Islamiyya aka haddatar da mu cewa an haifi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ran Litinin, 12 ga Rabi'ul Awwal, a Shekarar Giwa. Sai ga wani abokina da littafin Ar-Rahiƙul Makhtum na Safiyyur Rahman Mubarakfuri, inda aka rinjayar da 9 ga watan, bisa lissafin wani masanin taurari na Masar, Mahmud Basha. Nan fa aka yi ca, har wani ya ce littafin ne ke da gyara. Ni kuwa sai na lura dukkanmu mun karanta ƙananan littattafan sira, amma babu wanda ya san asalin inda suka ɗebo ruwa.

Annabi ya yi wafati a shekara ta 11 bayan Hijira, wato 632 Miladiyya. A lokacin babu wani littafi guda da ya tattara rayuwarsa daga haihuwa zuwa wafati. Labarin yana zukatan Sahabbai, suna ba 'ya'yansu da almajiransu. Daga cikin na farko da suka dage wajen tattara shi akwai Urwatu ɗan Zubairu, wanda Nana A'isha 'yar'uwar mahaifiyarsa ce, don haka ya sha daga bakin rijiya. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya kan aiko masa da tambayoyi a kan Hijira da yaƙin Badar, shi kuma ya amsa a rubuce, kuma Ɗabari ya adana mana waɗannan wasiƙu. Almajirinsa Zuhuri, wanda ya rasu a 124 bayan Hijira, ya ɗora daga nan.

Wanda ya ɗinka labaran suka zama riga guda shi ne Muhammadu ɗan Is'haƙa, mutumin Madina, almajirin Zuhuri. Kakansa Yasar yana cikin fursunonin da Halidu ɗan Walidu ya kamo a Ainut Tamri, a ƙasar Iraƙi. Ibn Is'haƙ ya kasa littafinsa uku: farkon halitta da annabawan da suka gabata, sannan aiko Annabi da zaman Makka, sannan yaƙe-yaƙe. Bai ji daɗin zaman Madina ba, domin tsakaninsa da Imamu Malik ba a jituwa, kuma malaman hadisi sun yi masa sukar cewa yana karɓar labari daga jikokin Yahudawa da Nasara, wani lokaci kuma ba ya ambaton wanda ya gaya masa. Ya tafi Masar, daga baya ya koma Iraƙi a zamanin Halifa Mansur, ya rasu a Bagadaza wajen shekara ta 150, kimanin shekara 140 ke nan bayan wafatin Annabi.

To, a nan ne abin da ya fi ba ni mamaki yake. Littafin Ibn Is'haƙ yadda ya rubuta shi bai iso gare mu cikakke ba. Abin da muke kira Sirar Ibn Hisham gyaran da Abdulmalik ɗan Hisham ya yi ne, wanda ya rasu a Masar a 218, shi ma ta hannun wani almajirin Ibn Is'haƙ, Ziyad Bakka'i, ya samu. Kuma malamin bai ɓoye aikin almakashinsa ba. Tun a gabatarwa ya faɗa cewa ya zubar da labaran da ba su shafi Annabi ba, da waƙoƙin da masana waƙa ba su san da su ba, da abin da ambatonsa ke da muni ko zai ɓata wa wasu mutane rai. A ganina wannan gaskiya tasa abin yabo ce, amma tana nuna mana cewa tun ƙarni na uku marubucin sira yana zaɓe, yana ɗauka yana bari. Wasu daga abubuwan da ya bari sun tsira a tarihin Ɗabari, wanda ya bi ta hannun wani almajirin daban. Bayan su akwai Waƙidi da littafinsa na Magazi, da magatakardansa Ibn Sa'ad mai Ɗabaƙat.

Mu koma ga gardamarmu. Ranar Litinin ta tabbata a hadisin da ke cikin Sahihu Muslim. Kwanan wata kuwa, 12 ɗin da muka haddace ruwayar Ibn Is'haƙ ce, akwai kuma masu cewa 2, ko 8, ko 10. Dalili a fili yake. Larabawan Makka ba su da ƙidayar shekaru tsayayya, da manyan aukuwa suke lissafi, kamar zuwan Abrahata da giwa. Sai a halifancin Sayyidina Umar aka kafa kalandar Hijira. Shi ya sa labarin Madina ya zo da watanni da adadi, alal misali Badar a Ramadan na shekara ta 2 da mutum ɗari uku da 'yan kai, alhali shekarun Makka sun fi ƙarancin kwanan wata. Hatta tsawon zaman Annabi a Makka bayan wahayi, 13 ce ta shahara, amma akwai ruwayar 10 da ta 15, duk a littattafan hadisi ingantattu.

Littattafan zamani da ke ɗakin karatunmu duk kan waɗannan magabata suka jingina. Haikal na Masar ya fitar da Hayatu Muhammad a 1935, yana kaffa-kaffa da labaran mu'ujiza don ya gamsar da 'yan boko. Montgomery Watt ya rubuta littafi a kan zaman Makka a 1953, da na Madina a 1956, ya karkata ga fatauci da zumuncin ƙabila wajen bayyana tasowar Musulunci, har ya kan manta cewa mutanen nan imani suka yi. Alfred Guillaume ya fassara Ibn Is'haƙ da Turanci a 1955, yana mayar da gutsattsarin da ya tsinto a Ɗabari. Martin Lings kuwa, a 1983, ya bi tsoffin ruwayoyi sawu da ƙafa.

Mu ɗaliban Hausa abin ya shafe mu kai tsaye. Iyayenmu sun san Annabi ta Ashafa ta Alƙali Iyal da Ishiriniyar Alfazazi, waɗanda bege da darajantawa suka sa gaba, ba jeranta shekaru ba. Daga baya Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi Waƙar Sira, Abubakar Imam kuma ya rubuta Tarihin Annabi Kammalalle da boko. Mukan yi nazarin karin waƙar da salon zuben, mu tsallake tambayar wace ruwaya marubucin ya bi, wace ya bari. Ni dai na ari juzu'in farko na Ibn Hisham, zan ajiye shi gefen littafin Imam in bi su babi babi, daga Shekarar Giwa zuwa Hijira.