Jarrabawar Turanci don karatu ko ƙaura zuwa waje: Wacce ya kamata a zaɓa?

A kowace shekara dubban ɗalibai da ma'aikata daga Najeriya da Ghana da sauran ƙasashen Afirka kan nemi gurbin karatu ko aiki a Birtaniya, da Amurka, da Kanada, da kuma Ostireliya.

Galibinsu kan ci karo da sharaɗi guda tun kafin a duba sauran takardunsu, wato su kawo shaidar cewa sun iya Turancin Ingilishi.

Jarrabawar da ake yi don wannan shaida iri-iri ce, kuma kowace jami'a da kowace hukumar shige da fice tana da wadda ta amince da ita. Wanda ya zauna wadda ba ita ake nema ba, ko da ya ci maki mai yawa, ya yi asarar kuɗinsa, wani lokaci ma har da zangon karatu guda.

IELTS

An soma jarrabawar IELTS ne a shekarar 1989. Hukumomi uku ne suka mallake ta: British Council, da kamfanin IDP na Ostireliya, da sashen jarrabawa na jami'ar Cambridge.

Tana auna fannoni huɗu. Ana ba da kimanin minti 30 ga sauraro, minti 60 ga karatu, minti 60 ga rubutu, sai kuma minti 11 zuwa 14 na hira da malamin jarrabawa.

Makinta kan tashi daga 0 zuwa 9, har da rabi-rabi kamar 6.5. Yawancin jami'o'in Birtaniya kan nemi 6 zuwa 7, gwargwadon kwas ɗin da mutum zai yi.

Jarrabawar kala biyu ce. Akwai Academic ta masu neman shiga jami'a da masu son yin rajista da hukumomin sana'a, akwai kuma General Training ta masu neman aiki ko zama. A nan ne da dama kan yi kuskure, domin sunan jarrabawar ɗaya ne amma ba ko'ina ake karɓar wannan a madadin waccan ba.

A 'yan shekarun nan an fito da tsarin da ke ba wanda ya yi jarrabawar a kwamfuta damar sake fanni guda da ya gaza a ciki, cikin kwanaki 60. Sai dai ba kowace hukuma ce ke karɓar irin wannan sakamako ba.

TOEFL

TOEFL ta girmi IELTS, domin tun a shekarar 1964 aka fara ta. Cibiyar ETS da ke jihar New Jersey a Amurka ce ke shirya ta, kuma a 2005 aka mayar da ita ta intanet.

A wannan jarrabawa ba a yin hira da mutum. Ɗalibi zai yi magana ne a makirfo, a naɗi muryarsa, daga baya a ba shi maki.

An daɗe ana ba da makinta daga 0 zuwa 120. A watan Yulin 2023 aka rage tsawonta zuwa ƙasa da sa'o'i biyu, sannan a watan Janairun 2026 aka sake fasalinta, aka koma ma'auni na 1 zuwa 6. Don haka littattafan shiri da aka buga kafin wannan lokaci ba su dace da sabon tsarin ba.

TOEFL ta fi karɓuwa a jami'o'in Amurka, kodayake mafi yawansu suna karɓar IELTS ita ma. A Amurka jami'a ce ke yanke hukunci kan Turancin ɗalibi, gwamnati ba ta da wata jarrabawa da ta wajabta wa mai neman bizar karatu.

PTE da Duolingo

Kamfanin Pearson na Birtaniya ya fito da PTE Academic a shekarar 2009. A kwamfuta ake yin ta baki ɗaya cikin kimanin sa'o'i biyu, makinta daga 10 zuwa 90 ne, kuma sakamako kan fito cikin kwanaki biyu. Wannan saurin ne ya sa waɗanda lokaci ya ƙure musu ke zaɓenta.

Ita kuwa jarrabawar Duolingo a gida ake yin ta, cikin kimanin sa'a guda, da kwamfuta mai kyamara. Ta samu karɓuwa sosai a shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe cibiyoyin jarrabawa. Ta fi sauran araha nesa ba kusa ba, kuma makinta daga 10 zuwa 160 ne.

To amma tana buƙatar wutar lantarki da intanet da ba za su yanke ba har a gama, abin da ba kowane gida ne ke da tabbacinsa ba a arewacin Najeriya. Haka kuma hukumar shige da fice ta Birtaniya ba ta sanya ta cikin jarrabawar da ta amince da su ba, Kanada ma ba ta karɓarta daga masu neman zama na dindindin.

Sharaɗin Birtaniya

Ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya tana da jerin jarrabawa da cibiyoyin da ta tantance domin biza. Daga ciki akwai IELTS for UKVI, da PTE Academic UKVI, da LanguageCert.

Tambayoyin IELTS for UKVI ba su bambanta da na IELTS da aka saba da ita ba. Bambancin yana wajen matakan tsaro da kuma lambar da ke kan takardar sakamakon.

An tsananta wannan tsari ne bayan shekarar 2014, lokacin da shirin Panorama na BBC ya bankaɗo maguɗi a wata jarrabawar ETS mai suna TOEIC a wasu cibiyoyi na Ingila. An cire ETS daga jerin, an kuma soke bizar dubban ɗalibai, waɗanda da yawansu suka dage cewa ba su aikata laifin komai ba.

Birtaniya na amfani da ma'aunin Turai mai matakai shida, daga A1 zuwa C2. Mai neman digiri yana buƙatar B2, amma jami'o'i da yawa suna da ikon auna Turancin ɗalibi da kansu. Daga watan Janairun 2026 sabbin masu neman bizar ƙwararrun ma'aikata su ma B2 ake nema daga gare su, maimakon B1 da ake nema a da.

Wadda za ta bi mijinta da ke zaune a ƙasar, ko wanda zai bi matarsa, matakin A1 ake nema da farko, kuma sauraro da magana kawai ake gwadawa.

Kanada da Ostireliya

Mai neman zama a Kanada ta tsarin Express Entry zai iya kawo IELTS General Training, ko CELPIP, ko PTE Core da aka fara karɓa a 2024. Ba a karɓar IELTS Academic a wannan tsari. A shirin ƙwararrun ma'aikata na tarayya, mafi ƙarancin abin da ake nema ya yi daidai da maki 6 a kowane fanni na IELTS.

Kanada na karɓar jarrabawar Faransanci ma, wato TEF ko TCF, kuma ana ƙara maki ga wanda ya iya harsunan biyu. Wannan dama ce ga 'yan Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi karatu da Faransanci.

Ostireliya kuwa ta ɗaga makin IELTS da take nema domin bizar karatu daga 5.5 zuwa 6 a watan Maris na 2024, kuma ba ta karɓar jarrabawar da aka yi a gida ta intanet.

Likitoci da ma'aikatan jinya

Ma'aikatan lafiya suna da ƙarin zaɓi, wato OET, wadda tambayoyinta suka shafi aikin asibiti, kamar hira da majinyaci ko rubuta takardar tura shi wani asibiti.

Hukumar rajistar likitoci ta Birtaniya na neman jimillar 7.5 a IELTS Academic, ba tare da wani fanni ya gaza 7 ba. Ta ma'aikatan jinya da ungozoma na neman 7 a fannoni uku da 6.5 a rubutu. Dukkansu biyu suna karɓar OET.

Shin wajibi ne ga ɗan Najeriya?

Duk da cewa Turanci ne harshen hukuma a Najeriya da Ghana, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a jerin ƙasashen da Birtaniya ta ɗauke wa 'yan ƙasarsu wannan sharaɗi. A shekarar 2022 dubban 'yan Najeriya sun sa hannu a wata takardar koke ta neman a sauya hakan, amma ba a sauya ba.

Sai dai jami'o'in Birtaniya da dama suna karɓar sakamakon Turanci na WAEC, musamman C6 ko sama da haka. Wasu jami'o'in kuma kan wadatu da wasiƙa daga tsohuwar jami'ar ɗalibi da ke nuna cewa da Turanci aka koyar da shi. Tambaya tun da wuri kan iya raba mutum da kashe maƙudan kuɗi, ganin yadda kuɗin jarrabawar ya tashi bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Kafin a biya kuɗi

Matakin farko shi ne mutum ya karanta sharaɗin jami'ar da yake nema da na hukumar biza, domin wani lokaci sukan sha bamban. Ya duba jimillar makin da ake so da kuma mafi ƙarancin na kowane fanni.

Galibin hukumomi ba sa karɓar sakamakon da ya wuce shekaru biyu. Wanda ya yi gaggawar zama jarrabawar tun bai shirya tafiya ba, yana iya sake biya.

Wajibi ne sunan da aka yi rajista da shi ya zo daidai da na fasfo, harafi da harafi. Bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed, ko Aisha da Aishatu, ya isa ya jawo matsala a ranar jarrabawa.

Ya kamata kuma mutum ya dubi inda ƙarfinsa yake. Wanda ya fi sakewa idan yana hira da mutum zai fi jin daɗin IELTS, wanda kuma hannunsa ya saba da kwamfuta zai iya gwada TOEFL ko PTE.

Akwai masu tallar sayar da takardar sakamako ba tare da an zauna jarrabawa ba. Jami'o'i da ofisoshin jakadanci kan tabbatar da kowane sakamako ta intanet kai tsaye daga hukumar da ta bayar da shi, kuma a Birtaniya wanda aka kama da takardar jabu za a iya hana shi biza har tsawon shekaru goma.