Tsuntsun da Aka Ji Kafin a Gani

A shekarar 1964 wasu Turawa uku suka jagoranci kafa ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Najeriya: John Elgood na Jami'ar Ibadan, Bob Sharland da ke aiki a Kano, da Hilary Fry, malami a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akasari da tabarau mai hangen nesa da raga da littafin rubutu suke shiga daji. Naɗar kukan tsuntsu kuwa tsohuwar sana'a ce, domin tun 1889 Ludwig Koch, yana ɗan shekara 8, ya fara ta a Frankfurt ta Jamus. Sai dai rakodar zamanin su Fry nauyi gare ta, ga tsada.

Wanda ya nuna amfanin jan wannan kaya shi ne Robert Payne na Jami'ar Mishigan ta Amurka. Tun shekarun 1960 ya fara bin wasu ƙananan baƙaƙen tsuntsaye da ba sa yin sheƙa. Macen takan saka ƙwanta a sheƙar baiwar Allah, 'yar jar tsuntsuwar nan mai tsintar tsaba a tsakar gida, ko ta danginta, ta bar musu reno. Ɗan da aka rena a gidan wani yakan tashi da kukan mariƙinsa a baki, saboda haka wanda ya naɗi waƙar namijin ya san gidan da ya girma. A duwatsun Jos, Payne ya naɗi wani namijinsu da ke kwaikwayon kukan da bai yi daidai da na kowace baiwar Allah da masana suka sani ba. Ashe mai kukan tana nan cikin duwatsu, ja har gadon baya. A 1998 ya bayyana ta a matsayin sabon jinsi.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Wani likita Bafaranshe, Claude Chappuis, ya fitar da faifan CD 15 na kukan tsuntsayen Arewaci da Yammaci da Tsakiyar Afirka a 2000. A 2005 aka buɗe xeno-canto, rumbun intanet da kowa ke iya zuba abin da ya naɗa, sannan a 2021 manhajar Merlin ta fara gane tsuntsu daga muryarsa. Ta fi sanin na Amurka da Turai nesa ba kusa ba, don can aka fi naɗa. A nan, manomin da ya tashi yana jin suda da cilakowa ya fi ta kunne.

Shi ya sa wayar mutumin Unguwar Dosa ta Kaduna take da daraja wajen naɗar kukan tsuntsu. Unguwar na da mangwaro da darbejiya, kogin Kaduna kuma ba nisa ta wajen Malali. Matsalar lokaci ce. Daga sallame sallar asuba zuwa sa'ar da keke napep da motocin hanyar Kawo za su cika gari da ƙara, tazarar kaɗan ce, in kuma babu wuta janareton maƙwabci ya cinye ta. Da damina aka fi samu: kurciya na ta nanata kukanta, ragon maza na bulbula nasa kamar ana juye ruwa daga tulu. Tun 2015 cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke Jos take tattara rahoton 'yan sa-kai domin taswirar tsuntsayen Najeriya, an yanka ƙasar gida-gida, kowanne kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, kuma tsuntsun da aka tabbatar da kunne yana shiga lissafi ko ba a gan shi ba.