Tarihin Renon Ƙashi a Kan Madogari

Renon ƙashi a kan madogari fanni ne da ya haɗa likitoci da injiniyoyi. Ana ɗebo ƙwayoyin tushe daga jikin majiyyaci, a shuka su a kan wani abu mai ƙananan ramuka, su bi shi su mamaye shi kamar yadda kabewa ke bin rumfa, har sabon ƙashi ya tsiro. Ƙaramar karaya takan haɗe da ɗori. Amma idan hatsari ko ciwon daji ya cinye santimita da dama, bakunan ƙashin ba sa sake haɗuwa. Tsohuwar mafita ita ce a yanko daga ƙashin ƙugun mutum a dasa masa, sai dai abin da ake samu kaɗan ne, wurin kuma kan daɗe yana ciwo.

Fannin ya tsiro ne daga bincike uku da suka taso daban-daban. A 1965 Marshall Urist, likitan ƙashi a Los Angeles ta Amurka, ya dasa ƙashin da aka cire wa ma'adinai a cikin tsokar dabbobi, sai ga ƙashi ya fito a inda ba a saba ganinsa ba. Daga baya ya raɗa wa sinadarin da ke ba da wannan umarni suna BMP. A Mosko kuwa, Alexander Friedenstein ya gano cewa cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi 'yan ƙalilan da ke manne wa kwanon gwaji, su hayayyafa, su kuma iya zama ƙashi. Su ne Arnold Caplan ya kira ƙwayoyin tushe na mesenkaim a 1991. Na uku shi ne madogarin kansa: a 1969 Larry Hench na Jami'ar Florida ya haɗa gilashin Bioglass, wanda ƙashi ke manne masa maimakon jiki ya ƙi shi.

Maƙalar da Robert Langer da Joseph Vacanti suka buga a mujallar Science a 1993 ta tattara waɗannan a matsayin fanni guda.

Rahoton gwaji a jikin mutane ya fito a 2001. Rodolfo Quarto da Ranieri Cancedda na Genoa, tare da likitocin Bologna a Italiya, sun bayyana yadda suka yi wa mutum uku aiki, waɗanda gurbin ƙashinsu ya kai santimita 4 zuwa 7, a ƙwauri da hannu. Sun reni ƙwayoyin ɓargonsu, suka zuba su a tangaran mai ramuka na kalsiyom da fosfet, kuma dashen ya kama.

Babbar matsala ita ce jini. Ƙwayar da ta yi nisa da jijiya fiye da kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba ta samun isasshiyar iska da abinci, don haka tsakiyar babban dashe kan mutu. A 2004 Patrick Warnke da abokan aikinsa a Kiel ta Jamus suka yi wata dabara. Wani mai shekara 56 ya rasa babban ɓangare na muƙamuƙinsa na ƙasa saboda ciwon daji. Suka ƙera ragar taitaniyom daidai fuskarsa, suka cika ta da ma'adinin ƙashi da ɓargonsa da BMP-7, suka binne ta a tsokar bayansa mako bakwai har jijiyoyi suka ratsa ta. Sannan suka ɗauko ta da jijiyoyinta suka dasa a gurbin muƙamuƙin. Ya sake tauna burodi da nama, abin da ya yi shekaru bai iya ba. Daga baya ragar ta tsage, ƙwayoyin cuta suka shiga.

Har yau dashen ƙashin ƙugu ne ma'aunin da ake gwada kowace sabuwar hanya da shi. Masu bincike yanzu suna buga madogarai da na'urar 3D daga hoton sikanin majiyyaci, suna barin hanyoyin da jijiyoyin jini za su bi su kai tsakiya.