Báňský da banský: sunan da haƙar ma'adinai ta bar wa garuruwa

Wanda ya duba taswirar Slobakiya zai lura da garuruwan da sunayensu suka fara da Banská. Sifa ce da aka ciro daga baňa, wato ramin haƙar ma'adinai, kuma ma'anarta duk abin da ya shafi wannan sana'a. Slobakawa na cewa banský, Cekawa kuwa sukan ja wasalin su ce báňský.

Garuruwan ba a banza suka samu sunan ba. A ƙarni na 13 sarakunan Hungari, masu mulkin yankin a lokacin, suka gayyato Jamusawa ƙwararrun mahaƙa, kuma a 1255 Sarki Béla na Huɗu ya ba Banská Bystrica matsayin gari. Jan ƙarfenta ne daga baya ya ƙara azurta gidan Fugger, attajiran Augsburg. Amma ta fuskar fasaha, Banská Štiavnica, garin azurfa da zinariya, ta sha gabanta. A nan ne a 1627 Gašpar Weindl ya fasa dutse da albarushi a cikin rami. Da ramukan suka yi zurfi, ruwa ya addabi mahaƙa, sai aka gina tafkuna masu yawa a kan tuddai, ana kiransu tajchy, ruwansu yana sarrafa injinan da ke zuƙo na ƙarƙashin ƙasa. Ruwa ya zama maganin ruwa ke nan. A 1762 Sarauniya Mariya Teresa ta ba da umarnin kafa makarantar haƙar ma'adinai a garin, UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1993.

Wajen Cekawa, kalmar ta fi zama a takardun hukuma. Mutumin gari důl yake ce wa rami, horník kuma ga mahaƙi, amma ofishin da ke Prag mai lura da lafiyar ma'aikatan ramuka da abubuwan fashewa sunansa Český báňský úřad. Makarantar da aka buɗe a Příbram a 1849, aka mayar da ita Ostrava a 1945, har yau Vysoká škola báňská ake kiranta, ko da yake tana koyar da kwamfuta da tattalin arziki. An daina haƙar kwal a cikin Ostrava tun 1994, sai dai ƙungiyar ƙwallon ƙafar birnin tana nan da sunanta Baník, wato mahaƙi.