Dalilan sassauci a shari'ar kisa: dokar Faransa ta 1832 da gādon da ta bari

Gabatarwa

A wannan maƙala za mu duba yadda kotunan Faransa suka fara auna dalilan da ke tsananta hukunci da waɗanda ke sassauta shi. Batun ya shafe mu, domin kundin hukunta laifuffuka na Nijar na 1961 daga na Faransa ya samo tushe. Ra'ayinmu shi ne, ba tausayi kaɗai ya haifi sassauci ba. Tsananin doka ne ya hana ta aiki.

1. Dokar da ba ta lanƙwasuwa

Kundin Napoleyon na 1810 ya jera dalilan tsanantawa dalla-dalla. Wanda ya ƙudurta kisa tun da wuri, ko ya yi kwanton ɓauna, ko ya yi amfani da guba, ko ya kashe mahaifansa, hukuncinsa kisa ne. Ƴan ƙasa 12 da ke zama a kotu, waɗanda ake kira jure, tambayarsu ɗaya ce: ya aikata ko bai aikata ba? In suka ce ya aikata, alƙali ba shi da wani zaɓi.

Sai jure suka samo mafita. Idan suka ga hukuncin ya fi ƙarfin laifin, sai su wanke mutum ko da shaida ta tabbata. An fi ganin haka a shari'ar matan da suka kashe jariransu saboda talauci da gudun abin kunya.

2. Gyaran 1824 da na 1832

A 1824 aka ba alƙalai damar rage hukunci a wasu laifuffuka ƙalilan. Dokar 28 ga Afrilu 1832, a zamanin Sarki Luwi-Filib, ta miƙa wannan iko ga jure a dukan manyan laifuffuka. Da zarar sun ce akwai dalilan sassauci, sai kisa ya koma ɗauri da aiki mai wahala. Ita ce kuma ta soke yanke hannun wanda ya kashe mahaifansa, da yi wa fursuna lalas.

Amma akwai wani giɓi. Doka ta ƙidaya dalilan tsanantawa, ba ta ƙidaya na sassauci ba, kuma ba ta tilasta wa jure su faɗi hujjarsu ba. Ke nan rabin ma'aunin yana rubuce, rabin yana cikin zukatan mutane.

3. Shari'a biyu, sakamako biyu

Illar wannan giɓi ta fito fili bayan shekaru fiye da 140. An sami Christian Ranucci da laifin kashe wata yarinya, jure ba su ga dalilin sassauci ba, aka sare kansa a Marsai ran 28 ga Yuli 1976. A Janairun 1977, a garin Troyes, an gurfanar da Patrick Henry wanda ya sace yaro ya kashe. Lauya Robert Badinter ya kare shi, jure suka yi sassauci, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Wata shida ne kawai tsakani.

Badinter ya zama ministan shari'a, kuma dokar 9 ga Oktoba 1981 ta soke hukuncin kisa a Faransa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna ramuka biyu. Doka mai tsauri takan sa a saki mai laifi, sassaucin da ba a bayyana hujjarsa kuwa yakan rataya ran mutum ga bakin lauya da halin waɗanda suka zauna ranar. Nijar ta gāji kundin tare da wannan tambaya, ko da yake rabon da a zartar da kisa a ƙasar tun 1976. Ya kamata masu nazarin shari'a su bincika tsofaffin takardun kotunan Yamai da Damagaram, su ga wa aka yi wa sassauci, kuma don me.