Takarda a hannun miji: tarihin saki da matan da igiya ta riƙe a shari'ar Yahudawa

Takardu biyu ke riƙe da aure a shari'ar Yahudawa, ɗaya ta ranar ɗaurawa, ɗaya ta ranar kwancewa. Ta farko sunanta ketuba, ta biyu kuwa get. Dukansu da sunan miji ake rubuta su, dukansu kuma a hannun mace suke ƙarewa. Duk mai son sanin matsayin mace a cikin wannan al'umma, tun zamanin mulkin Rumawa har zuwa yau, zai fi samun amsa a jikin waɗannan takardu fiye da cikin wa'azin darajar uwa, musamman a jikin ta biyun, wadda malamai suka shafe ƙarnoni suna jayayya a kanta.

Tushen maganar yana cikin sura ta 24 ta littafi na biyar na Attaura, inda aka nuna cewa miji ne ke rubuta takardar saki ya danƙa wa matarsa. Littafin Mishna, wanda aka harhaɗa wajen shekara ta 200 miladiyya, ya fayyace hukuncin: mace ana sakinta ko tana so ko ba ta so, amma namiji ba ya saki sai da son ransa. A nan ne mai karatu ya kamata ya tsaya ya lura, domin duk abin da zai biyo baya daga nan ya samo asali. A fiƙihun Malikiyya alƙali yana iya raba aure saboda cutarwa, kuma matar da mijinta ya ɓace tana jiran shekara 4, ta yi idda, ta yi aure. Alƙalin Yahudawa ba shi da wannan wuƙa. Aikinsa ya tabbatar marubuci ya rubuta takardar, layi 12 bisa al'ada, da sunan wannan miji da wannan mata takamaimai, shaidu biyu sun sa hannu, an kuma miƙa ta yadda ya dace. Idan miji bai ba da umarni ba, ko alƙalai nawa suka zauna, auren yana nan.

Malaman farko sun ga haɗarin da ke cikin wannan iko, suka yi masa takunkumi da dukiya. Ketuba alkawari ne na ci da sha da sutura da haƙƙin shimfiɗa, da magani idan ta yi ciwo, da fansa idan aka kama ta a yaƙi, da jana'iza idan ta riga shi. Sannan akwai kuɗin da zai biya ranar da ya sake ta, ko magadansa su biya ranar da ya mutu: zuz 200 ga budurwa, 100 ga bazawara. Kuɗi ne masu nauyi, domin Mishna ta ce wanda ya mallaki zuz 200 ya fita daga sahun matalautan da aka halatta wa kalar gona. Talmud bai ɓoye dalili ba: an sa wannan bashi ne don kada saki ya zame wa namiji abu mai sauƙi.

Ketuba ta kare matar da ake son kora. Ba ta yi komai ba ga matar da aka ƙi saki. Ita wannan ana kiranta aguna, kalmar da ake dangantawa da ƙarfen da ake jefawa ruwa don tsayar da jirgi. Ko mijinta ya yi tafiya shiru ba labari, ko ya haukace har ba a karɓar maganarsa, ko kuma yana nan lafiya lau ya ce ba zai bayar ba, hukuncinta ɗaya: ba ita ga aure, ba ita ga zawarci. Idan ta gaji ta zauna da wani, ɗan da za ta haifa mamzer ne, wanda ba ya auren sauran Yahudawa, shi da zuriyarsa. Shi kuwa mijin, ko ya haihu da wata mace marar aure, ƴaƴansa ba su ɗaukar wannan tabo. Malamai sun sassauta abin da suka iya game da wanda ya ɓace. A shari'ar da ta saba neman shaidu biyu maza, sun yarda da shaida ɗaya kan mutuwar miji, ko da mace ce, ko da ji ta yi daga wani. Amma wanda ya nutse a ruwan da ba a ganin gaɓarsa, ba a yanke cewa ya mutu, wai ko ya fita ta wani gefen da ido bai kai ba.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne cewa an taɓa buɗe ƙofar sosai, kuma a ƙasashen Musulmi aka buɗe ta. Wajen shekara ta 651, ba da daɗewa ba bayan Musulmi sun ci Iraƙi, shugabannin manyan makarantun Sura da Fumbedita suka kafa doka: matar da ta zo kotu ta ce ba ta iya zama da mijinta, a tilasta masa ya ba ta get nan take, maimakon jiran wata 12 da Talmud ya ambata. Za ta rasa wani ɓangare na haƙƙoƙinta na dukiya, amma za ta fita. A ƙarshen ƙarni na 10 Sharira Gawon, shugaban Fumbedita, ya bayyana dalilin: mata sun fara kai ƙara wajen hukumomin da ba na Yahudawa ba don a matsa wa mazansu. Wato da mace ta samu wata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa, sai ga shi malamai sun samo mabuɗin tasu.

Shaidar yadda aka rayu da wannan doka ta fito daga wani ɗakin ajiya na majami'ar Ben Ezra a Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira, inda aka riƙa zuba duk takardar da aka daina amfani da ita har kusan shekara 1000. A 1896 wasu tagwaye mata ƴan Sikotlan, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa malami Solomon Schechter wasu guntaye da suka sayo a Masar; cikin ƴan watanni ya kwashe guntaye kusan 190.000 zuwa Kambirij. A cikinsu akwai takardun aure na ƙarni na 10 zuwa na 12 masu sharuɗɗan da iyayen amarya suka sa: ba zai yi mata kishiya ba, ba zai ajiye kuyangar da ba ta so ba, za a gaskata ta kan kayan gida ba tare da rantsuwa ba. A wasu takardun na al'adar Falasɗinu an rubuta ƙarara cewa ko wane ɗaya daga cikin ma'auratan yana iya neman rabuwa idan ya ƙi ɗan'uwansa. Akwai matan da suka yafe bashin ketuba suka fanshi kansu, kuma kalmar Larabci da marubutan suka yi amfani da ita, iftida'i, ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta babin khul'i. Fataken da ke tafiya Indiya kuwa sukan bar get mai sharaɗi kafin su hau jirgi: in wa'adi kaza ya cika ban dawo ba, ta saku.

A Turai, wajen shekara ta 1000, an kafa dokoki biyu da ake jingina wa Rabi Gershom na birnin Mayans a Jamus: an hana auren mace fiye da ɗaya, an kuma hana sakin mace ba da yardarta ba. Babban mataki ne, kuma Yahudawan ƙasashen Musulmi ba su bi shi ba a lokacin. Sai dai an bar wa namiji taga. Idan matarsa ta haukace ko ta ƙi karɓar takarda ba bisa hujja ba, yana iya tara sa hannun malamai 100 daga ƙasashe 3, ya ajiye mata get a kotu, ya sake aure. Mace ba ta da irin wannan taga, ko malamai 1000 za su sa mata hannu.

Rigimar da ta yanke makomar mata ta faru a ƙarni na 12, tsakanin manyan malamai biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Musa ɗan Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba a 1138, ya zauna a Fas, ya rasu a Fusɗaɗ a 1204, ya yanke cewa matar da ta ce ranta ya ƙi mijinta a tilasta masa saki, domin ita ba kamammiyar yaƙi ba ce da za a sa ta kwana da wanda ta tsana. To ina batun son rai? Amsarsa ita ce duk Bayahude a can cikin zuciyarsa yana son bin shari'a, son zuciya ne ya rinjaye shi. Bulalar kotu tana karya son zuciyar ne, sai ainihin nufinsa ya fito. A ƙauyen Ramerut na yankin Shamfan a Faransa, Rabi Yakubu Tam, jikan Rashi na Turwa, wanda ya rasu a 1171, ya ƙi wannan hanya baki ɗaya. A ganinsa dokar Iraƙi ba ta da madogara a Talmud, get ɗin da aka ƙwata ba bisa ƙa'ida ba ɓatacce ne, matar tana nan da aurenta, ƴaƴan da za ta haifa gaba kuma mamzer ne. Waɗanda suka bi shi suka ƙara da zargin da ba ya tsufa: wa ya sani ko wani ta gani a waje?

Ra'ayin Faransa ne ya yi nasara. Rabi Asher ɗan Yehiyel ya tafi da shi daga Jamus zuwa Toledo a farkon ƙarni na 14, kuma littafin Shulhan Aruk na Yusuf Karo, da aka buga a Banis a 1565, ya tabbatar da shi. Yahudawan Yaman ne suka ci gaba da bin ɗan Maimun. Tsoron Rabi Tam yana da ma'ana a cikin tsarin shari'ar, ba za a ce ba shi da ita ba. Amma kuɗin wannan taka tsantsan mata kaɗai suka biya shi. Abin da ya bar musu shi ne ƙauracewa: jama'a su daina ciniki da mai taurin kai, su daina yi masa magana, har ya saki. A unguwa ƙarama inda kowa ya san kowa, wannan makami ne mai kaifi.

Jirgin ƙasa da jirgin ruwa suka dakushe shi. Tsakanin 1881 da 1914 Yahudawa kusan miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, maza a gaba, mata a baya suna jiran kuɗin jirgi. Wasu wasiƙun suka daina zuwa. Jaridar Forverts ta birnin Niyok ta riƙa buga hotunan mazan da suka gudu, kuma a 1911 aka buɗe ofishi na musamman a birnin don farautarsu. Bayan yaƙin duniya na biyu sai matsalar ta zo da fuska mafi muni: matan da suka tsira daga sansanonin Nazi, ba gawa, ba kabari, ba shaida. Kotunan malamai suka zauna suna bin jerin sunayen jiragen ƙasa da bakin waɗanda suka tsira, suna sakin su ɗaya bayan ɗaya.

Faransa ta kawo wani sabon kulli. A 1806 Napoleyon ya tara manyan Yahudawa a Paris ya yi musu tambayoyi 12, ta farko kan auren mata da yawa, ta biyu kan saki, kuma majalisar malamai ta 1807 ta amince cewa ba za a ba da get ba sai kotun ƙasa ta raba auren. An soke saki a dokar Faransa a 1816, aka maido da shi a 1884 ta dokar Alfred Naquet, wanda shi kansa Bayahude ne. Daga nan aka samu mace sakakkiya a idon gwamnati, matar aure a idon addini, tsohon mijin kuma yana iya sayar mata da takardar da tsada. A 1907 malaman Faransa suka kawo shawarar a riƙa ɗaura aure bisa sharaɗin cewa sakin kotu zai warware shi. Malaman gabashin Turai suka taso musu, aka tattara martaninsu aka buga a Bilna a 1930, maganar ta mutu. Reshen masu sauyi na Amurka ya riga ya yanke tun 1869, a Filadelfiya, cewa sakin kotu ya wadatar. Ga masu riƙo da tsohuwar shari'a kuwa, sai dabarun gefe: dokar jihar Niyok ta 1983, yarjejeniyar kafin aure da ke ɗora wa miji ciyarwa mai tsada kowace rana har ya saki, da diyya. A 2007 kotun ƙolin Kanada ta tabbatar wa wata mata dala 47.500 a kan mijin da ya riƙe ta shekara 15.

A Isra'ila dokar 1953 ta danƙa aure da sakin Yahudawa ga kotunan malamai, ta kuma yarda a ɗaure mai ƙin saki. Dokar 1995 ta ƙara da hana shi fita ƙasa, da karɓe lasisin tuƙi, da taƙaita asusun banki. Duk da haka iyakar abin tana nan inda Mishna ta aje ta: wani mutum ɗan asalin Yaman ya yi sama da shekara 30 a kurkuku, ya mutu a 1994 bai furta kalmar ba, matarsa ta fita daga aurensa da takaba. Tun farkon shekarun 1990 mata suka samu izinin tsayawa lauyoyi a gaban waɗannan kotuna, ƙungiyoyinsu suka mayar da ranar azumin Esta ranar tunawa da aguna, kuma dokar 2013 ta wajabta kujeru 4 na mata a kwamitin da ke zaɓen alƙalan. Alƙalan kansu duka maza ne.

A 2014 kotun malamai ta garin Safad ta yi abin da ba a saba ba. Wani miji ya shekara 7 a kwance bai san inda yake ba bayan haɗarin babur. Alƙalai 3 suka ce da yana iya magana da ya saki matarsa, kuma sakin alheri ne gare shi, saboda haka suka sa aka rubuta get a madadinsa suka miƙa mata. Manyan malamai da dama suka ce takardar banza ce, babbar kotun malamai ta shirya sake buɗe shari'ar bisa ƙarar wani mutum da ba dangin kowa ba ne a cikinsu. A 2017 kotun ƙolin ƙasar ta hana, takardar ta zauna a hannun matar.